Amsa Ga Ɗana Kan Batun Wanzami Da Ƙarin Ƙirji

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce an gano ƙari a ƙirjin ƙaninka, su Gwaggonku sun ce a kira wanzami ya yi masa ƙaho da tsaga kamar yadda aka saba, kana tambaya ko hanawa raina manya ne.

Ba raini ba ne. Ƙaho iyakarsa fata, ƙarin nan kuwa yana bayan ƙashin ƙirji, gaban zuciya, tsakanin huhu biyu. Asalinsa ƙwayoyin haihuwa ne da ya kamata su sauka maraina tun yana cikin mahaifiyarsa, suka maƙale a hanya. Shi ya sa za a yi hoton marainansa, kada kunya ta hana shi. Mugun nau'in wannan ƙari ya fi kama maza 'yan shekara 20 zuwa 40, kuma ba a ɗaukarsa a kwano ko tari.

Ka tambayi likita wane iri ne. In nunannen teratoma ne, wanda akan tarar da gashi, kitse, har haƙori a cikinsa (a nan mutanenmu ke cewa jifa ne), tiyata ta wadatar. Iri na biyu, seminoma, yana jin magani ƙwarai. Na ukun, wanda ke ɗaga AFP ko hCG (sinadaran da ake aunawa a gwajin jini), shi ne mai taurin kai: zagaye 4 na maganin daji, kowane zagaye kwana 21, kwana biyar na farko ana ɗura maganin da ake kira cisplatin ta jijiya, sannan a buɗe ƙirji a cire ragowar.

Haɗarin aska yana nan: wajen kwana 7 zuwa 14 bayan ɗurin, garkuwar jiki takan faɗi warwas, 'yar tsaga sai ta zama ruɓar jini. Zazzaɓi ya kai 38, asibiti a daren, ba a jiran safiya. Haka in fuska da wuya suka kumbura, ƙarin ne ya danne babbar jijiya. Jiƙo da saiwoyi ma a ajiye, domin cisplatin kaɗai ya ishi ƙoda wahala. Tofi da addu'a kam, su Gwaggo su yi ta yi.

Kuma tunda saurayi ne, kafin ɗurin farko a tambayi likita inda ake adana maniyyi, don maganin kan taɓa haihuwa. Wannan maganar kai za ka yi masa, ku biyu, ba a gaban iyaye ba.