Likita, burodi ne ke lalata min ciki? Amsoshin tambayoyinku kan cutar siliyak

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan satin kusan duk a kan ciwon ciki ne na matasa, sai na haɗa waɗanda suka yi kama da juna na amsa su tare. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko, daga wata ɗaliba a cikin garin Bauchi: "Likita dan Allah ka taimaka min, shekarata 16 ina makarantar kwana, duk ranar da aka ba mu shayi da burodi ko taliya sai cikina ya kumbura ya yi ta kuka ga gudawa mai kumfa da wari, na rame sosai kuma har yanzu ban fara al'ada ba. An sha yi min maganin taifod da olsa ba sauƙi, a gida kuma cewa ake tsirfa ce kawai. Na karanta a waya akwai cutar siliyak sai na daina cin burodi sati biyu kuma na ji dama-dama. In ci gaba da dainawa?"

'Yata sannu, Allah ya ba ki lafiya. Wannan ba tsirfa ba ce, yarinyar da ta kai 16 ba ta fara al'ada ba ga rama ga gudawar da ta ƙi tafiya, dole ne likita ya zauna ya duba ta da kyau ko da ba siliyak ba ce.

Ita siliyak, akwai wani sinadari da ake kira gulutin a cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da Turawa ke kira "rye", shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Ga mai wannan cuta, idan gulutin ya shiga ƙaramin hanji sai garkuwar jikinsa ta tashi ta afka wa bangon hanjin. Cikin hanji yana da wasu ƙananan tsiro-tsiro kamar gashin tawul waɗanda su ke tsotse amfanin abinci, to su ne suke shafewa, sai mutum ya yi ta ci amma sinadarin ƙarfe da na ƙashi da sauran abin gina jiki suna wucewa bayan gida. Kin ga dalilin rama da ƙarancin jini da jinkirin balaga kenan.

Amma ga abin da nake so ki riƙe, kar ki yanke alkama kafin a yi miki gwaji. Na san abin zai yi miki nauyi tunda kin fara jin sauƙi, sai dai gwajin jinin da ake yi, tTG-IgA sunansa, yana neman alamar faɗan da jiki ke yi da gulutin ne, idan kin daina ci faɗan ya lafa sai sakamako ya fito lafiya lau alhali cutar tana nan, an yi asarar kuɗi kuma an koma gidan jiya ana ba ki maganin taifod. Ƙa'ida ita ce a riƙa cin abu mai alkama fiye da sau ɗaya a rana na aƙalla sati 6 kafin a ɗebi jinin. Tunda sati biyu kawai kika yi, ki gaya wa likita gaskiyar ranar da kika daina, shi zai tsara miki. Idan jinin ya nuna, yawanci sai a yi endoskopi, a zura siririyar kyamara ta baki a ɗan tsinko naman hanji a duba.

Ki samu Mama a natse ki nuna mata wannan amsar, ko yayarki ko wata gwaggo da ake jin maganarta a gidan. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta abin da kika ci da abin da ya biyo baya da sau nawa kika zaga, wallahi wannan littafin yana taimakon likita sosai. Ku je asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ku nemi ganin likitan ciki da hanji. In kuwa kika ga jini a bayan gida, ko amai ya ƙi tsayawa, ko jiri na neman kada ki, kar a jira hutu, a gaya wa metiron ranar.

Tambaya ta biyu, daga wata uwa a Azare: "Ɗana shekara 14 amma in ka gan shi ka ce ɗan 10 ne, kullum ana cewa jininsa ya yi ƙasa, mun sha maganin ƙarin jini har mun gaji, jinsin jininsa AA ne ba sikila ba. Shi ba ya gudawa. Zai iya zama wannan cutar?"

Hajiya, zai iya. Da yawa daga cikin manyan yara ba sa gudawar ma, wasu bayan gidansu ne ke tauri, abin da kawai ake gani shi ne rashin tsayi, kasala, gyambon baki mai dawowa, wani lokaci ƙuraje masu ƙaiƙayin bala'i a gwiwar hannu da ta ƙafa da mazaunai. Ƙarancin jinin da aka yi wata da watanni ana shan magani bai ɗaga ba, yana daga cikin abin da ke sa mu tuna siliyak. Sai dai a nan yankinmu ba da ita za a fara ba, a fara duba bayan gida saboda tsutsar ciki, a duba fitsari saboda tsargiya in yana wanka a rafi ko dam, a duba maleriya da tarin fuka, a kuma tambayi me yake ci a rana. In duk an tace ba a samu komai ba, ki ambaci gwajin siliyak da bakinki, ba laifi ba ne. Ki dakata da jiƙe-jiƙe tukunna dan Allah, suna rikita mana bincike kuma wasu suna taɓa ƙoda.

Tambaya ta uku, wani matashi daga Misau ya ce shi ya ji cutar Turawa ce, me ya kawo ta wajen Bahaushe?

Ɗan'uwa, a Turai aka fara gane sababinta, wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya danganta ta da alkama a shekarun 1940. Amma ba tasu ba ce su kaɗai. Ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na da ita, kuma a 1999 an wallafa binciken da ya samu fiye da kashi 5 cikin 100 a yaran Sahrawi da ke sansanin gudun hijira a Aljeriya, nan Afirka. Mu kuma ka duba yadda cin fulawa ya ƙaru, kakanninmu tuwon dawa da fura ne, yaranmu kuwa da safe burodi, da rana Indomie, da dare semo.

Tambaya ta huɗu, daga wata amarya a unguwar Yelwa: "An tabbatar wa ƙanwata 'yar 15 da ke zaune a wajena tana da shi, an ce ta bar fulawa har abada, tun ranar take kuka wai ba abin da za ta ci. Me zan riƙa dafa mata?"

Allah ya saka miki da alheri da riƙon da kike mata. Ki share mata hawaye, abincinmu na asali kusan duk nata ne: gero, dawa, masara, shinkafa, acca, tamba, wake, doya, rogo, dankali, gyaɗa, nama, kifi, ƙwai. Tuwon shinkafa da miyar kuka, fate, dambu, alale, ƙosai, kunun gyaɗa, duk ba matsala. Wanda za ta bari shi ne burodi, taliya, makaroni, kuskus, semo, gurasa, funkaso, alkaki, fanke, cincin, biskit, kek, da lemon malt da su Milo saboda sha'ir ɗin da ke ciki.

Inda ake samun matsala shi ne abincin da ba a zata ba. Ɗanwaken sayarwa yawanci da fulawa ake haɗa shi, kuma ko masarmu ta Bauchi wasu masu tuya suna zuba semo ko fulawa a ƙullin, don haka a tambaya ko a yi a gida. Injin niƙa in an riga an niƙa alkama to garin da ya biyo baya ya ɗauka, ki riƙa cewa a share injin ko ki ware na farkon da ya fito ki bar wa sauran mutanen gida. Man da aka soya fanke kar a soya mata ƙosai a ciki, ki ware mata rariya da muciya, ki riƙa karanta bayan ledar sinadarin ɗanɗano. Nono yana iya ɓata mata ciki a watannin farko, wannan yakan wuce in hanjin ya warke.

Cutar ba ta da magani sai wannan kiyayewar, amma yara suna murmurewa da kyau, cikin 'yan makonni za ki ga ta fara cika. Sannan ke kanki da iyayenku da sauran 'yan ɗakinku ku yi gwajin, domin kusan 1 cikin 10 na dangi na kusa ana samunsu da ita, musamman in akwai mai ciwon suga tun yarinta ko matsalar maƙoƙo a gidan. Ku ma kar ku daina cin burodin kafin a ɗebi jinin.