Tambaya da Amsa: Ƙananan Kwale-kwalen Tseren Amurka Masu Gudu a Ɗaure

Tambaya: Na ga hoton wani ɗan kwale-kwalen katako na Amurka, bai kai yadi guda ba, ba rimot ba matuƙi. Yaya ake tsere da shi?

Amsa: Malam, ba tuƙa shi ake yi ba, turke shi ake yi. Ana kafa sanda a tsakiyar tafki, a ɗaura mata wayar ƙarfe, ɗaya bakin a jikin kwale-kwalen, ya yi ta kewaya ta. Daga sanda zuwa kwale-kwale ƙafa 52 da rabi ne, don zagaye huɗu su ba da rubu'in mil. Ɗaya-ɗaya ake gudu, agogo ne alƙali. Don sanin gudunsa, a raba 900 da daƙiƙun da ya ɗauka yana zagaye huɗun: daƙiƙa 15 na nufin mil 60 a awa. In gudu ya kankama, ƙafafunsa biyu na gaba, wato 'yan tudun da ke gefensa dama da hagu, da farfela kaɗai ke taɓa ruwa, ita ma rabinta a waje take. IMPBA, ƙungiyar masu tseren ƙananan kwale-kwale masu inji da aka kafa a 1949, da irin wannan tsere ta fara, kafin rimot ya ture shi.

Tambaya: Na sayi tsohon inji McCoy 60 mai kai ja, amma ya daskare, ko motsi ba ya yi. In murɗa shi da filaya?

Amsa: Kul! Galibi ba tsatsa ba ce, man zurma ne ya bushe ya zama ƙaro. Cire fulogi, ka jiƙa injin a kananzir kwana biyu, ka ɗumama shi da na'urar busar da gashi, sannan ka riƙa jujjuya shi da hannu, gaba kaɗan baya kaɗan. McCoy 60 da takwaransa injin Dooling 61 duk masu girman cc 10 ne, fistansu na da zobe, kuma ta baya suke shan mai ta wani faifai mai juyawa. Ƙarfi na iya karya zoben ko ya lalata faifan, ga samun madadinsu aiki ne. Boris biyu na gaba in suna gurnani, canza su.

Kafin ka zuba masa mai, duba fulogin tukuna. In na tartsatsi ne, mai koyil da kondansa, abincinsa fetur kashi 3 da baƙin mai mai kauri, mai lambar kauri SAE 70, kashi 1. In mai garwashi ne, wato mai 'yar waya da ke yin ja da zafi, irin wanda wani Ba'amurke Ray Arden ya fito da shi a 1947, to metanol kashi 3 da man zurma kashi 1. Man zamani mai ƙarancin maiƙo ba na waɗannan tsofaffin ba ne.

Tambaya: Injin nawa yana tashi lafiya a hannu, amma da ya yi zagaye biyu sai ya mutu.

Amsa: Kafin ka zargi inji, tuhumi tanki. Kewayawa na tura mai zuwa bangon tankin da ke nesa da turke, don haka bakin bututun zuƙa can ya kamata ya zauna, a kusurwar baya. In yana ta ciki, iska zai zuƙa.

Mazaunin tankin ma magana ce. In ya fi allurar mai, wato wadda ke daidaita man da ke shiga inji, fita waje, gudu na ƙaruwa mai na raguwa, inji ya yi kuka siriri, ya yi zafi, ya tsaya. In ya fi ta shiga ciki, mai ya yi yawa, ya shaƙe. Matsar da shi kaɗan-kaɗan, abu guda a kowane gwaji. A sake shi da mai ɗan fiye da ƙima, domin in farfela ta ɗago injin zai ƙara juyi ya nemi ƙari.

In ya mutu ya sha ruwa, kada ka ja igiyar tayarwa: ruwa ba ya matsuwa, sandar fistan za ta lanƙwashe. Cire fulogi, ka kifa shi, ka juya har ruwan ya fita, ka ɗauraye da mansa, ka tayar da shi a ranar don boris su bushe.