Kafin ka cire yara daga makaranta a Ingila don zuwa biki gida

Malam, saƙonka ya iso. Ka ce ka samu gurbin digiri na uku a Ingila, za ka taho da uwargida da yara uku, kuma akwai bikin ƙanwarka a Kano a watan Nuwamba, kana so ku koma gaba ɗaya na mako biyu tunda tikiti ya fi araha a lokacin. Tambayarka ita ce ko a yi wa hedimasta magana ya wadatar. Bai wadatar ba. Duk mai tahowa da iyali sai ya yi wannan tambayar, amsar kuma ba ta canzawa: a nan zuwan yaro makaranta wajibi ne da doka ta ɗora wa iyaye, ba alfarma ba ce tsakaninka da malamai.

Wajibcin yana farawa daga zangon karatun da ya biyo bayan cikar yaro shekara biyar. Ana kiran suna sau biyu a rana, safe da bayan abincin rana, kowanne zama ɗaya ne. Yaro ya rasa zama goma, wato kwana biyar, ba da izini ba cikin mako goma na karatu, to ya kai mizanin tara. Tun watan Agustan 2024 tarar fam 80 ce idan an biya cikin kwana 21, in an wuce ta koma 160. Inda mutanenmu ke shan mamaki shi ne lissafin: kowane uba da kowace uwa, a kan kowane yaro. Kai da uwargida da yara uku da suka isa makaranta, takarda shida ke nan, fam 480, in kun yi jinkirin biya 960. Ƙaramar hukuma ke karɓa, ba makaranta ba, saboda haka zuwa ofishin hedimasta da ban haƙuri ba ya goge komai.

Na san abin da za ka ce, ai ko da tarar an ci riba a tikiti. Turawa da yawa haka suke lissafi, su biya su yi tafiyarsu. Su ƙasarsu ce. Ka sake cikin shekara uku, 160 ce kai tsaye babu ragi. A karo na uku babu sauran takardar tara, ana iya kai ka kotun majistare ƙarƙashin sashe na 444 na dokar ilimi ta 1996: tara har fam 1,000, in kuma an tabbatar da saninka aka yi babu uzuri, har 2,500 ko ɗaurin wata uku. Ƙin biyan tarar farko ma kotun yake kai mutum. Hukuncin kotu kuwa tabo ne da za ka riƙa bayyanawa a takardar sabunta biza da ta neman zama. Mai fasfo ɗin Najeriya ba ya wasa da wannan.

Kada kuma ka dogara da cewa yaranka ba sa fashi. Wani Bature mai suna Jon Platt ya kai 'yarsa Florida ana tsakiyar karatu, ya kafa wannan hujjar, ya yi nasara a ƙananan kotuna, Kotun Ƙoli ta kayar da shi a 2017.

Hanya ɗaya ce: ka karɓi fom na neman izini a ofishin makaranta, ka cike kafin ka sayi tikiti, da ranar tafiya da ta dawowa. Hedimasta ne kaɗai ke yanke hukunci, kuma tun 2013 ba ya bayarwa sai da dalili na musamman. Rasuwar mahaifi ko mahaifiya kan samu 'yan kwanaki. Biki na mako biyu, da kamu da wuni da kai amarya, da wuya. Arhar tikiti ba a ma sauraronta. Ranar Sallah ana ba da ita a matsayin ranar ibada, yawanci kwana ɗaya, ba makon hawan Daushe da yawon gaishe-gaishe ba.

Abu mafi muni shi ne ƙaryar ciwo. Makaranta za ta bugo waya ranar farko da ba ta ga yaro ba, tana iya neman shaidar likita, tana iya turo mutum gida. Sannan 'yar shekara shida za ta dawo da lalle har gwiwar hannu, ta zauna ta ba malamarta labarin jirgi da gidan Hajiya tiryan-tiryan. Daga nan ko zazzaɓin gaske yaron ya yi sai an nemi takarda.

Masu zarcewa su ma su sani: yaro ya ɓace kwana ashirin na karatu a jere ba izini, aka neme shi ba a san inda yake ba, ana iya cire sunansa daga rajista. Ka dawo ka tarar an ba wani gurbin, kai kuma a tura ka makarantar da sai an hau bas.

Hutu ba ya kaɗan: mako shida daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, mako biyu a Kirsimeti, mako biyu a Ista, da mako guda-guda a Oktoba, Fabrairu da ƙarshen Mayu. Kowace ƙaramar hukuma tana fitar da ranakunta tun shekara guda kafin lokaci, ka duba na garin da za ka zauna ka sayi tikiti da wuri. Bikin Nuwamba kuwa, ko dai a roƙi Alhaji ya matsar da shi zuwa ƙarshen Disamba, ko ka tafi kai kaɗai ka bar uwargida da yara.