Me ake nufi da HER2 3+ a takardar gwajin kansar mama?

Ƴar'uwa, Allah ya ba mahaifiyarki lafiya. Kin ce kun dawo Maradi daga Yamai da takardar gwajin tsokar da aka ɗiba a nononta, an rubuta HER2 3+, kuma kina son sanin ma'anarsa.

HER2 furotin ne da ke zaune a fatar ƙwayar halitta, aikinsa karɓar saƙon da ke umartar ƙwayar ta girma ta rabu. A kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kansar mama, ƙwayoyin suna ƙera shi fiye da kima, sai saƙon ya ƙi yankewa, ciwon ya riƙa yaɗuwa da sauri. Ana shafa wa tsokar wani rini a duba ta a madubin likita: 0 da 1+ na nufin bai yi yawa ba, 2+ sai an ƙara wani gwaji, 3+ kuwa ya tabbata ya yi yawa.

Kada wannan ya karya miki gwiwa, domin akwai maganin trastuzumab, wanda aka amince da shi a Amurka a 1998, da ke toshe wannan furotin kai tsaye. Yana da tsada, yana kuma iya raunana zuciya, saboda haka ki tabbatar likita ya duba zuciyarta kafin a fara da kuma lokacin da ake ba ta shi.