Gwajin bayan gida zai iya nuna ko tsiron hanjin ɗana ya dawo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ɗana mai shekara 5 ya daɗe yana zubar da jini ja-jawur idan ya gama bayan gida, ba tare da ciwon ciki ba. Mun ɗauka ɗankanoma ne, har kakarsa ta jiƙa masa sassaƙe, amma da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa muka kai shi asibiti, aka yi masa allurar barci, aka leƙa hanjinsa da na'ura, aka cire tsiro guda ɗaya, jinin kuma ya tsaya. Yanzu likitansa ya ce in kawo bayan gidansa a yi wani gwaji mai suna kalfurotektin. Mene ne amfaninsa, kuma zai hutar da mu daga sake leƙa hanjin? Daga wata uwa a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa yaron lafiya, kuma kin kyauta da kika kai shi asibiti, domin yara da yawa a ƙasar nan ana ɗura musu maganin basir har jininsu ya yi ƙasa, alhali tsiro ne ƙarami da za a iya cirewa a zama ɗaya.

Irin wannan tsiro, wanda ake kira tsiron ƙuruciya, shi ne mafi yawa a babban hanjin yara, an fi samunsa tsakanin shekara 2 zuwa 10, kuma galibi yana fitowa ne a ƙarshen hanji kusa da dubura, shi ya sa wani lokaci yakan leƙo waje iyaye su zaci dubura ce ta zazzago. Idan guda ɗaya ne, ba cutar daji ba ce. Sai dai fatarsa takan kumbura ta ƙuje, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta su taru a wurin, su kuma waɗannan ƙwayoyin suna ɗauke da wani sinadari da ake kira kalfurotektin, wanda yake zuba cikin hanji ya fita tare da bayan gida. Masana a ƙasar Norway ne suka fara bayyana shi a 1980. Idan an auna shi, yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar abin da bai kai maikirogiram 50 (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowane giram na bayan gida ba a matsayin lafiya ga yaron da ya wuce shekara 4. Jarirai kuwa nasu yakan yi sama ko da ƙalau suke.

Abin da aka lura da shi shi ne, yaron da ke da irin wannan tsiro sau da yawa adadin sinadarin a bayan gidansa yana hawa, idan aka cire tsiron kuma sai ya sauko. Nan ne amfanin gwajin yake gare ki. Ba a soka wa yaro allura, ba a ba shi maganin wanke ciki, ba a sa shi barci, kuma idan sakamakon ya fito ƙasa, jini bai dawo ba, yaro yana ci yana girma, likita zai samu natsuwar barin hanjin ya huta.

Amma ina so ki riƙe wannan da kyau: gwajin kumburi yake nunawa, ba ya ganin tsiro. A nan Sakkwato kuwa abubuwan da ke kumbura hanjin yaro suna da yawa. Atuni yana ɗaga shi sosai, haka gudawar da ƙwayoyin cuta ke haddasawa lokacin damina, haka tsargiyar hanji ga yaran da ke wanka a gulbi ko fadama. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, su ma suna ɗaga shi. Saboda haka idan sakamakon ya yi sama kada hankalinki ya tashi. A ra'ayina, abin da ya dace shi ne a fara duba bayan gidan a ƙarƙashin madubin likita a nemi ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsa, a magance abin da aka samu, a dakatar da waɗancan magunguna, sannan a maimaita gwajin bayan 'yan makonni. Idan ya ci gaba da hawa sai an sake leƙa hanji, haka ma idan jini ya dawo, ko da kuwa gwajin ya nuna lafiya lau.

Tambayarki ta biyu ta rataya ne a kan takardar da ɗakin gwajin nama ya rubuta game da tsiron da aka cire. Idan ta tabbatar cewa guda ɗaya ne irin na ƙuruciya, kuma an duba babban hanjin har ƙarshensa, likitoci ba su cika maimaita leƙen ba sai alamu sun dawo. Lamarin ya sha bamban idan an samu tsiro 5 ko fiye, ko akwai wani a dangi mai tsiron hanji da yawa ko wanda dajin hanji ya kama da ƙuruciya, ko yaron yana da ɗigo-ɗigon baƙi a leɓe da cikin baki. Waɗannan suna nuna cutar gado, kuma a nan gwajin bayan gida bai isa a dogara da shi ba, domin wasu nau'o'in tsiron ba sa kumbura balle su ɗaga adadin. Irin wannan yaro yana buƙatar leƙen hanji lokaci zuwa lokaci a hannun ƙwararru, kamar waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ki tambayi dangin mahaifinsa da naki tun yanzu, musamman idan auren zumunci kuka yi, domin tarihin gida ɗaya ne za ki bincika.

Wajen ɗibar samfurin, ki sa yaron ya yi a fo mai tsabta, kada fitsari ko ruwa ya gauraya da shi, ki ɗebi kaɗan a robar da aka ba ki, ki kai a ranar saboda zafin garinmu. Kada a ɗiba yana cikin gudawa ko zazzaɓi. Ki tafi da takardar gwajin naman da sunayen duk magungunan da ya sha, har da na gargajiya, ki kuma roƙi a auna yawan jininsa, tunda ya daɗe yana zubarwa.