Tambayoyi Da Amsoshi Kan Fasaha: Idan Kasuwar Kayan Hannu Ta Bushe

Yawancin saƙonnin da suka shigo a wannan makon kuka ɗaya suke yi, wato an tara kuɗi da ƙyar, an shiga kasuwa neman waya ko kwamfuta ta hannu, amma an yi ta zarya ba a dace ba. Shi ya sa na tattara su wuri ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Bayero, ina zaune a Rijiyar Zaki. Na daɗe ina zagayen titin Beirut da Farm Centre ina neman laftof ta hannu don aikin furojet, amma duk wadda na gani ko dai ta tsufa ko kuma kuɗinta ya fi ƙarfina. Kayan ne suka ƙare a Kano, ko ni ne ban iya nema ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kayan ba su ƙare ba, sai dai kasuwar kayan hannu ba ta tafiya yadda shagon sababbin kaya yake tafiya. Mai sayar da sabuwar kwamfuta idan kayansa sun ƙare waya kawai zai buga a turo masa irinsu, amma mai sayar da ta hannu abin da ya faɗo masa shi yake kasawa. Yawancin laftof masu kyau da muke saya a nan kayan ofisoshin Amurka da Turai ne da aka sauke bayan 'yan shekaru ana aiki da su, sai 'yan kasuwa su kwaso su a dunƙule ta Legas ko ta Dubai. Idan kaya suka sauka sai ka ga iri ɗaya ya cika layi, idan aka kwashe kuma sai a yi makonni babu. Ga kuma farashin dala, wanda tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 yake sa ɗan kasuwa ya yi lissafi sosai kafin ya yi odar sabon kaya, domin bai san nawa zai sake sayowa ba. Kai kuma ka fita nema a daidai lokacin da kowane ɗan aji huɗu yake neman abin da kake nema.

Tsofaffin da ka ce kana gani da yawa akwai dalilinsu. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 a ƙa'ida ba ta karɓar injin Intel, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da ya gaza ƙarni na 8 a jerin fitowar injinan kamfanin. Wannan ya sa aka zubo 'yan ƙarni na 6 da na 7 kasuwa da araha. Ka duba lambar injin da kanka: i5-7200U 'yar ƙarni na 7 ce, i5-8250U kuwa ta 8 ce. Kada takaicin yawo ya sa ka sauko ƙasa da haka.

Abin da zan ba ka shawara shi ne ka daina zagayen ido. Kaya mai kyau ba ya daɗewa a cikin gilashi, sau da yawa ma ba ya kaiwa gilashin, a waya ake sayar da shi ga wanda ya bar sallahu. Ka zaɓi shago biyu ko uku da ka yarda da masu su, ka rubuta musu abin da kake so da iyakar kuɗinka, ka bar lambarka, ka riƙa gaishe su lokaci-lokaci ko da ba ciniki. Sannan ka faɗaɗa zaɓinka. Ni kullum Dell Latitude da HP EliteBook da Lenovo ThinkPad nake nuna wa ɗalibai, kowacce ta samu a cikinsu matuƙar tana da SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, da ram 8GB, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, ta wadatar da kai. Ranar da aka kira ka, kafin ka biya ka buɗe Command Prompt, wato wurin rubuta wa Windows umarni, ka buga powercfg /batteryreport ka ga abin da ya rage wa batirin.

Tambaya: Ina sayar da kayan kicin ta WhatsApp daga Hotoro. Na rasa iPhone daidai kuɗina, sai wata iPhone 6 Plus mai tsabta kamar sabuwa. In ɗauka?

Amsa: Hajiya kada ki ɗauka. Tun 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Da wannan kuɗin ki sayi Android mai lafiya ki ci gaba da kasuwancinki, kwastomominki tukwane suke kallo, ba bayan wayarki ba.

Tambaya: Malam, na yi makonni ina neman Samsung ta hannu ban samu daidai aljihuna ba. Jiya da yamma ina fitowa daga kasuwa sai wani matashi ya biyo ni bakin titi ya nuna mini irin wadda nake so a rabin kuɗinta. Babu kwali babu rasit, kuma a kulle take, ya ce ta yayansa ce ya manta lambar, in kai a yi mata filashin, wato a goge ta a sake sa mata manhaja, za ta buɗe. Na karɓi lambarsa. Ya kake gani? Daga wani mai karatu a Kurna.

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, a kan wasiƙarka zan tsaya, domin wannan ne abin da ya fi tayar mini da hankali duk lokacin da aka ce kasuwa ta bushe. Mutum yana fita ranar farko da sharuɗɗansa a hannu, yana duba sikirin yana duba batir yana tambayar rasit. Idan ya yi sawu da yawa bai samu ba sai sharuɗɗan su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, har ya kai inda kake yanzu, kana tambayata ko za ka sayi wayar da mai ita ba zai iya buɗe ta ba. Kai ma ka san amsar, da ba ka sani ba da ba ka rubuto ba.

Babu wanda yake zaune a Kano da zai ce bai san bala'in ƙwacen waya ba. An soka wa mutane wuƙa a cikin adaidaita sahu, an tare masu dawowa daga sallar asuba, wasu sun rasa ransu a kan wayar da ba ta kai kuɗin tunkiya ba. Yaron da yake wannan aika-aika ba don ya yi kira da wayar yake ƙwata ba, yana yi ne domin ya tabbata kafin magariba akwai wanda zai miƙa masa kuɗi ba tare da ya yi tambaya ba. Duk wanda ya saya ya biya kuɗin ƙwacen gobe. Ban ce lallai wannan matashin ɓarawo ne ba, amma duk alamun da ka lissafa sun haɗu: ba shi da shago, ba shi da takarda, ba ya iya buɗe wayar, kuma farashin ya faɗi ƙasa da abin da kowane mai hankali zai sayar da kayansa. Ka roƙe shi ya haska maka sikirin ɗin kawai, mai yiwuwa ka ga hoton jaririyar wani da jerin kiran da ba a amsa ba daga lambar da aka adana da sunan Umma.

Ko da ka ajiye batun Allah da na haƙƙin mutane gefe, wanda bai kamata ka ajiye ba, ta fuskar fasaha ma asara za ka yi. Maganar filashin da ya yi maka tsohon zance ne. Tun daga Android 5.1 Google ya sa wa wayoyi makullin da ko an goge komai sai an saka imel da kalmar sirrin mai ita na ƙarshe kafin ta buɗe, Apple kuwa tun 2013 ya sa nasa a kan iPhone, wanda muke kira makullin iCloud. Akwai masu cewa suna tsallake waɗannan makullai, amma sau da yawa abin da ake miƙo maka waya ce gurguwa, wadda sabuntawa ɗaya za ta iya mayar da ita a kulle. Ban da wannan akwai wayoyin da ake bayarwa bashi ana biya kaɗan-kaɗan, waɗanda kamfanin da ya bayar yake rufewa daga nesa da zarar an daina biya, kuma irin su ma suna yawo a hannun masu sayarwa a bakin titi.

Abin da ya fi wannan muni shi ne lambar IMEI. Kowace waya tana da tata, kuma goge waya ba ya goge ta. Duk lokacin da ka saka layinka, kamfanin sadarwa yana ganin layin da lambar wayar tare, layinka kuma a ɗaure yake da lambarka ta NIN. Saboda haka idan mai wayar ya kai ƙara aka bi sawu, ƙofar gidanka a Kurna za a ƙwanƙwasa, shi kuwa matashin ya riga ya jefar da layin da ya ba ka. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma idan an ji wa mai wayar rauni ko an kashe shi, kai ne za ka zauna kana bayanin inda kake a daren da abin ya faru. Araha ba ta ado, wannan kuwa ta wuce rashin ado.

Ga yadda ake sayen waya ta hannu, ko kasuwa ta cika ko ta bushe. Ka zauna a kan bencin shagon, kada ka yi ciniki a tsaye. Mai sayarwa ya buɗe wayar da hannunsa, ya cire asusun Google da na Samsung a gabanka, a goge ta, sannan ka kunna ka saka naka asusun da datarka ka ga ta wuce ba ta nemi sunan kowa ba. Ka danna *#06# ka kwatanta lambar IMEI da ta fito da wadda ke jikin kwali idan akwai. Tunda Samsung kake so, ka danna *#0*# ka gwada launukan sikirin da taɓawa da lasifika. Ka saka layinka ka kira wani, domin wasu wayoyin Amurka a ɗaure suke da kamfanin layi na can. A ƙarshe a rubuta maka rasit mai ɗauke da IMEI da sunan shago da lambarsa da kwanan wata, ka ɗauki hotonsa ka tura wa kanka a imel. Ɗan kasuwa na gari ba ya jin haushin wannan, shi ma kariya ce gare shi. Lambar matashin nan kuwa ka goge ta yau, ka koma ka bar sallahu a shagunan da aka sani kamar yadda na gaya wa ɗalibin da ke sama.

Tambaya: Ni ba waya nake nema ba. Kayan yara da labule nake saya a gwanjon Ƙofar Wambai, amma kwanan nan duk zuwan da na yi ragowa nake tararwa. Akwai yadda waya za ta taimaka mini? Daga wata uwa a Gwammaja.

Amsa: Akwai, 'yar'uwa. Gwanjo ranar buɗe dila ake cin moriyarsa, wanda ya zo bayan kwana uku abin da aka tsince aka bari zai gani. Ki tambayi masu shagon da kike zuwa ranar da suke buɗewa, ki adana lambarsu su ma su adana taki don ki riƙa ganin abin da suke ɗorawa a WhatsApp, ki huta da kuɗin mota. Ki rubuta awon kowane yaro da tsawon tagoginki a cikin wayarki, domin ranar da kaya suka zo babu lokacin tunani. Idan kika ga takalmi ko jaka mai suna, ki haska ta da Google Lens, manhajar da ke gane kaya ta kyamarar waya, ki ga ainihin kamanninta. Kada ki tura kuɗi a kan hoto ɗaya, ki ce a yi miki bidiyo da rana a juya kayan ciki da waje. Rigunan sanyi kuma a watannin zafi ake sayensu, ba sai hunturu ya kama kowa yana rububi ba.

Tambaya: Duk ranar da na je ban samu wayar da nake so ba sai in sayi ɗan wani abu don kada in koma hannu rabbana. Yanzu ina da abin sauraro na kunne kala-kala da agogon hannu biyu, kuɗin wayar kuma sun ragu, ga tsohuwar wayata batirinta ba ya kai azahar. Daga wani matashi a Ɗorayi.

Amsa: Malam, da wannan tarin kaya saura kaɗan kai ma ka kama rumfa. Kuɗin wayar su zauna a banki, ka shiga kasuwa da kuɗin mota kaɗai a aljihu, idan ka samu abin da kake nema sai ka yi taransifa. Ka rubuta wayoyi uku da za ka yarda da su da farashin da ba za ka wuce ba, duk abin da ba ya cikin jerin kada ka taya. Tsohuwar kuma ka kai ta a sa mata sabon batir mai kyau, kuɗin bai kai na agogo ɗaya daga cikin biyun ba, kuma za ta riƙe ka har kaya su sauka.