Bindigar farauta ta kamfani da harbi daga nesa

Ka tambaya ko bindigar farauta yadda ta fito daga kamfani za ta iya kayar da babban naman daji daga nesa. Za ta iya, har zuwa yadi 300 ko 400, muddin harsasan da ta harba suna faɗawa kusa da juna cikin faɗin inci 1 zuwa 1.5 a nisan yadi 100.

Sharaɗin yana wurin maharbi. Harsashi samfurin .308 Winchester, idan an saita bindigar ta sami abin hari daidai a yadi 100, yakan sauka ƙasa fiye da mita 1 kafin ya kai yadi 500, ga iska tana karkatar da shi. Ni kam ba na harbin dabba a nisan da ban gwada harbin takardar gwajin saiti ba, domin raunata ta ta gudu ya fi kuskure muni.